Duwatsun da Baba Ya Mayar wa Rijiyoyi

Shekarar da na dawo Potiskum daga kwalejin horar da malamai aka ba ni aji a makarantar elementare, kuma a shekarar ce, idan ban ruɗe ba, aka kafa 'yar ƙungiyar tarihin gari. Baturen makaranta ne ya kawo shawarar, wato Baturen da ke zagayawa yana duba makarantun En'e. Ba mu da yawa: shi, da hedimastanmu, da malaman ofis biyu ko uku. Muna haɗuwa ran Asabar bayan la'asar a ɗakin karatu. Aka naɗa ni magatakarda, ba don na fi kowa sanin tarihi ba, sai don rubutuna yana karantuwa, kuma ban iya cewa a'a ba.

Aikinmu shi ne mu bi tsofaffi mu rubuta abin da suka sani kafin su tafi da shi. Ba a biyan kowa, mu da su. Wani ya ɗauki tarihin kasuwa, wani na maƙera. Ni rijiyoyi aka ba ni, har da farko na ji kamar an raina ni.

Duk wanda na tambaya sai ya tura ni unguwar Yindiski, wurin wani dattijo daga cikin Ngizimawa da kowa ke kira Baba mai rijiya. Haƙar rijiya ya gada, ya yi ta har ƙarfinsa ya ƙare, idonsa kuma ya yi rauni. Yana da wata jakar fata cike da duwatsu, wasu tsakuwa, wasu dunƙulen ƙasa mai tauri. Ban sani ba ko duk masu wannan sana'a haka suke yi, ni dai a gidansu na gani: ranar da aka cim ma ruwa, mai haƙa zai ɗauko dutse ɗaya daga inda ruwan ya fara tsatsowa, ya hau da shi. Na kakansa suna cikin jakar, da na ubansa, da nasa.

Idan ya sa hannu ya ɗauko ɗaya, sai ya murza shi a tafinsa, can sai magana ta ɓalle. Wane ne ya nemi a haƙa, daga wane gari mutanensa suka taso, gaba nawa aka yi kafin ruwa, wa ya fara sha, wa ƙasa ta rufta wa. Ta bakin rijiyoyi sai ga tarihin unguwanni yana fitowa, wa ya riga wa zama. Na taɓa tambayarsa labarin wata rijiya alhali jakar tana ɗaki, ya yi ta kame-kame, ya haɗa wannan da waccan, daga ƙarshe ya ce kansa ba ya riƙe komai, hannunsa ne ke riƙewa. Biyu ko uku yake ba ni kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ba ya ƙarawa ko na roƙa.

Tun ranar farko ya shafa littafina ya tambaye ni, "Wannan abin, a ina yake kwana?"

Na ce a wurina. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, amma ba gaskiya ba ce gaba ɗaya. Ran Asabar nakan kai shi taro, wani lokaci Bature ya karɓa ya tafi da shi gida, sai Litinin ya dawo mini da shi. Na ga ba sai na wahalar da tsoho da wannan bayani ba.

Da bazara ta tsananta, sai duba-gari, wato ma'aikacin tsabta na En'e, ya je unguwar Yerimaram da leburori suka cike wata tsohuwar rijiya da ƙasa, suka tara ƙaya a kai. An ce ruwanta na sa gudawa, mai yiwuwa kuma gaskiya ne. Mutanen wajen suka koma tafiya mai nisa neman ruwa a cikin wannan zafi. Rijiyar tana cikin littafina, mako biyu kafin nan na rubuta ta, har da kwatancen inda take, kuma littafin ya kwana gidan Bature a tsakani. Na lura da haka. Na ce wa kaina duba-gari yana da ido da ƙafa, ba ya bukatar littafin kowa, na kawar da zancen.

A wannan tsakanin ne ƙungiya ta yanke shawarar karrama tsofaffin da suka ba mu lokacinsu kyauta. Za a tara mutane a filin makaranta ran wata Alhamis bayan azahar, a ba kowa riga da takardar yabo. Bature ya ce daga littafina zai karanta wa jama'a wani abu, ya kuma so a ga duwatsun. Aka ce magatakarda ya rubuta takardun gayyata.

A nan na yi kuskuren. Ina so in girmama Baba, ni kuwa abin da na koya shi ne babban mutum da takarda ake kiransa, ba da baki ba. Na zauna na tsara ta da kyau, na sa a ambulan mai ruwan ƙasa irin na ofis, na roƙi akawu ya buga mini hatimi a baya don ta yi kwarjini. Maimakon in kai da kaina, sai na ba ɗan doka, domin na ga haka ake kai wa manya saƙo. Ɗan dokan ba ya karatu, ya tambaye ni abin da ke ciki, na ce ana son Baba ya zo ran Alhamis da duwatsunsa, Bature zai gan shi. Sauran waɗanda aka gayyata mutanen cikin gari ne, sun saba da ofis. Ban tsaya na tuna cewa Baba bai taɓa karɓar takarda a rayuwarsa ba sai ta haraji.

Ran Alhamis da hantsi ina gaban allo, sai na ga wata mace tsaye a bakin taga. 'Yar Baba ce, wadda ke kula da shi tun da mijinta ya rasu. Ta girme ni nesa, Yaya nake ce mata. Ba ta taɓa zuwa makaranta ba. Da na ga ko sallama ba ta yi ba, sai na san ba lafiya ba.

Na fita. Ta dube ni daga gajeren wandona har takalmi, ta ce, "Sannu Malam, aiki ya yi kyau. Mu muka shimfiɗa maka tabarma, muka dama maka fura, ashe ƙidaya kake yi mana."

Na ce ban gane ba. Ta ce jiya ɗan doka ya tsaya a ƙofar gidansu da jan kayansa, ya ɗaga murya duk unguwa na ji, ya ce Bature na neman Baba gobe, shi da duwatsunsa, kada ya kuskura ya bar ko ɗaya. Maƙwabta suka taru, kowa ya ce abin da aka yi wa rijiyar Yerimaram shi za a yi wa sauran, littafin malamin nan ne ya nuna hanya, yanzu kuma ana son duwatsun don a san waɗanda suka rage. Baba bai ci tuwo ba. Da aka sallame asuba ya ɗauki jakarsa da sandarsa ya fita, ya ce zai mayar wa kowace rijiya dutsenta.

Na fara yi mata bayanin riga da takardar yabo. Ta ce in adana bayanin in kai wa wanda ke tafiya shi kaɗai a rana, da ido rabi, yana leƙa bakin rijiyoyi.

Na tafi ba da izinin hedimasta ba, abin da ban taɓa yi ba. Na bar alli a kan tebur, na cusa littafin a cikin rigata don kada in bar shi a aji, na hau keke.

Rijiyar farko da na nufa ita ce ta kusa da gidansu. Mata sun kewaye ta da tuluna, ana ta hira. Da suka hango ni sai hirar ta mutu. Na yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Na tambaya ko sun ga Baba. Wata dattijuwa ta ce, ba tare da ta daina jan guga ba, "Malam, ka zo da ƙayar ne, ko tana baya?" Sauran suka yi dariya, irin wadda babu daɗi a cikinta. Suka ce ba su ga kowa ba. Na leƙa rijiyar, ban san me nake tsammanin gani ba. Ruwa ne can ƙasa, baƙi, yana motsi.

Haka na bi ta biyu da ta uku. Ko'ina labarin ya riga ni. Wani mutum da nake gaishe shi kullum ya juya mini baya ya shige zaure. A wani wuri aka nuna mini gabas, daga baya na gane da gangan aka ɓatar da ni. Rairayi ya riƙe ƙafar keke, sai na sauka ina turawa, gumi na shiga mini ido. Abubuwa biyu nake tsoro, ban san wanne ya fi ba. Ɗaya, kowane dutse da ya faɗa ruwa ya tafi da labarinsa, babu mai fito da shi. Ɗaya kuwa, tsohon da ba ya gani sosai, bai karya ba, ƙafa ɗaya ce kawai za ta zame masa. Duk rijiyar da na isa, sai na tsaya nesa kaɗan na saurara ko zan ji kururuwa kafin in ƙarasa. Na riƙa karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wasu ma ban kai ƙarshensu ba.

A rijiyar shanu da ke bayan gari na sami wani Bafulatani yana zuba ruwa a komi. Shi baƙo ne, labarin bai kai gare shi ba. Ya ce ya ga wani tsoho ɗazu, ya tsuguna a bakin rijiyar ya yi magana da yarensu kamar mai sallamar baƙo, ya saki wani abu ciki, ya bi burtali ya yi arewa. Ya ƙara da cewa tafiyar tasa ba ta yi masa kama da ta mai lafiya ba.

Da burtalin ya yi yashi da yawa na jingine keken a wani gawo, sai kuma na ga ba zan iya barinsa ba, na koma na jawo shi. Rana ta kusa tsaka sa'ad da na hango shi. A tsakiyar wata gona da aka share ana jiran damina akwai tsohuwar rijiya da aka daina sha, Baba yana zaune a kan itacen bakinta, ƙafafunsa biyu suna lilo a ciki, jakar tana kan cinyarsa. Na tsaya cik. Na ji tsoron in yi kira ya firgita. Na ji tsoron in yi shiru in matso, ya ji motsi ya waiwayo da sauri.

Shi ya fara magana, bai juyo ba. "Malam, kekenka ya riga ka sallama."

Na kwantar da keken a hankali, na matso na tsuguna kamar taku uku daga gare shi. Na ce, "Baba, don Allah ka ja baya kaɗan, itacen nan ya ruɓe."

Ya ce ubansa ne ya sa shi, ya san shi. Ƙasa tana zubowa daga gefen itacen kaɗan-kaɗan, ina jin saukarta can ƙasa bayan wani lokaci mai tsawo. A hannunsa na dama akwai dutse, ya miƙa hannun a kan ramin. Ya ce wannan ta kakansa ce, ita ce ta fari a cikin jakar duka.

Na yi ta zuba bayani, ban san ko yana fita a jere ba. Na ce ba kama shi za a yi ba, yabo ne, riga ce aka ɗinka masa, ni na rubuta takardar, ni na ba ɗan doka, don girmamawa na yi. Ya saurara har na ƙare. Ya ce, "Wato a garinku na boko, in za a ba mutum riga, ɗan doka ake turo masa?"

Na ce kuskurena ne.

Ya ce to ya ji na riga. Sai ya juyo da fuskarsa wajena, ya ce, "Wa ya nuna wa duba-gari rijiyar Yerimaram?"

Da na rantse masa cewa ba littafina ba ne, ina jin da ya yarda, don ya san ni ba mai yawan rantsuwa ba ne. Rantsuwar ta zo har bakina. Amma ban sani ba, kuma ban iya ɗora sunan Allah a kan abin da ban sani ba. Na ce, "Ban sani ba, Baba."

"Littafin a wurinka yake kwana?"

"Ba kullum ba."

Ni dai hannun nan mai riƙe da dutsen nake kallo. Can ya ce shi ma lissafin da ya yi ke nan. Waɗanda ya riga ya faɗa mini, sun fita daga hannunsa, bai taɓa duwatsunsu ba. Waɗanda bai faɗa ba su yake mayarwa, domin abin da bai sani ba, ko an ɗaure shi ba zai iya faɗa wa Bature ba. Tun asuba ya mayar da bakwai. Sai a lokacin na gane cewa babu ko layi ɗaya nasu a littafina, kuma ba za a samu ba.

Na roƙe shi ya bar sauran. Ya tambaya ko littafin yana jikina. Na ce yana nan. Ya sauya dutsen zuwa hannun hagu, ya miƙo mini na dama a buɗe.

Ba zan ɓoye ba, na yi jinkiri. Littafin ba nawa ba ne, na ƙungiya ne, da hatimin makaranta a bangonsa. Nan da sa'a biyu Bature zai nemi ya karanta shi gaban jama'a, kuma shi ne mai rubuta rahoto a kaina, ni kuwa ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba. Na tuna mahaifiyata da ta sayar da awakinta lokacin da zan tafi kwaleji. Ban kuma san abin da Baba zai yi da littafin ba, rami yana gabansa. Na ciro shi daga cikin rigata, ya jiƙe da gumi, na rarrafa na ɗora masa a hannu.

Ya jinjina shi kamar mai auna nauyin kaza. Ya shinshina. Sannan ya buɗe jakar ya tura shi ciki, ya bi shi da dutsen kakansa, ya ɗaure bakin. Ya ce daga yau tare za su riƙa kwana.

Da ya zo tashi sai ƙafafunsa suka ƙi, sun yi sanyi saboda zama. Na kama shi ta ƙarƙashin hammata na ja baya da duk ƙarfina, muka zube tare a kan kunyar gona. Wani ɓangare na bakin rijiyar ya bi inda ya tashi ya rufta. Ya saurari faɗuwarsa, ya ce lallai itacen ya tsufa. Na ɗora shi a kan keke na tura har gida. Yaya ta karɓe shi a ƙofa, ba ta dube ni ba. Zancen zuwa taro ban ma tayar da shi ba.

Na isa filin makaranta an riga an fara, ƙura har gashin idona. Hedimasta ya kira Baba sau uku, aka yi shiru, ya ninke rigar ya ajiye gefe. Sai Bature ya yafuto ni, ya miƙo hannu a ba shi littafi. Na sunkuya na gaya masa da Turanci cewa na mayar wa mai labarin. Ya tambaya da izinin wa. Na ce ba da izinin kowa ba. Wuyansa ya yi ja, ya ciro ɗan littafinsa na aljihu ya rubuta wani abu, sannan ya tashi ya yi jawabinsa ba tare da rijiyoyi ba. Ina tsaye kusa da shi, tambayar ko shi ya nuna wa duba-gari littafin tana bakina, ban yi ta ba. Asabar ɗin da ta biyo hedimasta ya ce mini, cikin taushin murya, in ɗan huta da aikin magatakarda. Ba a kore ni daga koyarwa ba, ko da yake na yi watanni ina jiran takardar.

Ran Juma'a na karɓi rigar a wurin hedimasta, na naɗe ta a ƙunshi na tafi Yindiski a ƙasa, ba keke. Na tarar da zauren cike da magidanta, har da mutumin Yerimaram da aka cike rijiyar ƙofar gidansa. Na ɗauka hukunci aka taru a yi mini, kuma kusan hakan ne. Baba ya karɓi rigar, ya shafa ɗinkin wuyan, ya miƙa wa Yaya ta labule. Ya ciro littafin daga jaka ya ce in karanta musu duk abin da na rubuta, daga farko har ƙarshe, su ji abin da ofis ya ji.

Na karanta. Bakina ya bushe, babu wanda ya ce a kawo ruwa. Da na zo kan rijiyar Yerimaram, mai ita ya sunkuyar da kai, ya ji sunan kakansa da garin da suka taso, ya ce in maimaita wurin, na maimaita. Wani ya gyara mini sunan wata unguwa da na rubuta ba daidai ba. Wani ya ce shi bai ji wani abin cutarwa a ciki ba, wani ya ce ai cutarwar ba a cikin rubutun take ba, a wurin mai karantawa take. Ba su daidaita ba har la'asar ta yi.

Bayan an yi salla Baba ya kafa sharaɗinsa. Zai ci gaba, amma a zauren nan, gaban mutane, kuma littafin ba zai ƙetare ƙofa ba. Ya sa hannu a jaka ya ɗauko ɗaya, na buɗe sabon shafi. Mun yi haka har damina biyu, muka gama waɗanda suka rage.

Bakwai ɗin nan kuwa bai sake zancensu ba, ni ma ban tambaya ba. Ina jin biyu daga cikinsu har yanzu ana shan ruwansu. Ban san wanda ya haƙa su ba, kuma ban sami wanda ya sani ba.